Neman shawara: An sa sunana a tafiyar duba marasa lafiya a Kolkata, amma zuciyata ta rabu biyu

Mai tambaya:
Salama gare ku 'yan uwa. Ƙungiyar matan cocinmu na shirin zuwa Kolkata a Indiya, aikin sa-kai a gidan marasa lafiya na Kalighat, wanda Mother Teresa, sistar Katolika, ta buɗe a 1952 domin waɗanda ake tsinta a bakin titi rai a hannun Allah. An sa sunana. Ni malamar makaranta ce, ban san komai a aikin jinya ba, ba na jin Bengali balle Hindi. Maigidana bai hana ni ba, sai dai ya ce da kuɗin jirgin nan aka aika musu suka sayi magani, da ya fi amfani. Maganar ta tsaya min a rai. Shin akwai abin da irina za ta tsinana a can, ko nauyi kawai zan zame musu? Don Allah ku faɗa min gaskiya.

Wadda ta taɓa zuwa:
'Yar'uwa, akwai aikin yi, amma ki cire wa ranki cewa za ki wuni kina wa mutane addu'a a bakin gado. Wanki ne ya fi yawa: zannuwan gado da kayan majinyata, ki cuɗa, ki matse, ki hau sama da su ki shanya. Sai ciyar da wadda hannunta ba ya kaiwa baki, da yankan farce, da raka mutum bayan gida. Mata a ɓangaren mata, maza a na maza.

Batun yare kuwa, bai dame ni yadda na zata ba. Akwai wata tsohuwa da ba ta karɓar abinci sai an fara shafa mata mai a ƙafa. Fatar ta bushe ta tsattsage, in na taɓa sai ta ɗan janye, sannan ta saki jiki. Ta yi ta ba ni labari da Bengali, ni kuma ina gyaɗa kai. Kalma ɗaya na riƙe, sunanta, kuma ya wadatar. Ranar Alhamis masu sa-kai ba sa aiki, ranar addu'ar sistocin Katolika masu kula da gidan ce. Hoto kuma ba a ɗauka sai da izini, kuma ni dai ina ganin ko an ba ki izinin, ki bar wayar a jaka. Wanda ke kwance ba shi da ƙarfin ce miki a'a.

Wani ma'aikacin jinya:
Anti, ta ɓangarenmu zan yi magana. Kada ki yi allura, kada ki wanke gyambo, kada ki ba da magani, ko da an miƙo miki an ce hannu ya yi kaɗan. Abin da ba za a bar ki ki yi a asibitin ƙasarku ba, kada ki yi shi a jikin talakan wata ƙasa. Shi kansa gidan ya taɓa shan suka a kan ingancin jinya: a 1994 Dakta Robin Fox, editan mujallar likitanci ta The Lancet a lokacin, ya ziyarce shi, ya yaba tsafta da kulawa, amma ya koka da ƙarancin maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi da rashin tantance cuta yadda ya kamata. Kyakkyawar niyya daban, ƙwarewa daban.

Sai lafiyarki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu tarin fuka a duniya a Indiya suke, ta iska kuma ake ɗauka, don haka takunkumi da wanke hannu ba zaɓi ba ne. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce cikin wata 6 a tsarin da aka saba, ki fara da wuri. In daga ƙasar da ake samun cutar shawara (yellow fever) za ki tashi, sai kin nuna katin rigakafinta, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6.

Wata 'yar'uwa:
Ni dai ina bayan maigidanki, kowa ya yi haƙuri. Mutum ya je na ɗan lokaci, majinyaci ya fara sabawa da fuskarsa, sai ya ɗauki jaka. Wa ya fi amfana? Kuma babu marasa lafiya a inda kike?

Wadda ta taɓa zuwa:
Gaskiyarki rabi. Waɗanda ke riƙe da gidan su ne sistoci da ma'aikatan da ke wurin shekara da shekaru, mu cikon hannu ne. Amma kuɗi ba ya riƙe cokali.

Wani dattijo:
'Yata, ni Musulmi ne, amma bari in sa baki. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Allah zai ce wa ɗan Adam ranar kiyama: na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Na san a Linjila, cikin Matiyu sura ta 25, kuna da makamancin wannan. Don haka ba na raina tafiyarki. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne ladabin dubiya. A gajarta zama idan majinyaci ya gaji, kada a tsare shi da tambayar me ke damunsa, kada a yi kuka a gabansa. Yawancin waɗanda za ki tarar 'yan Hindu ne, akwai Musulmi. Wanda ciwo ya kayar, abincinsa ma a hannunki yake, duk abin da kika ce masa zai amsa da to, ko bai kai zuci ba. Ki yi masa addu'a a zuciyarki. In ya nema a fili, sai ki yi.

Ma'aikacin jinya:
Baba ya tuna min: bizar yawon buɗe ido ta Indiya ba ta ba mutum damar yin wa'azi. Shugabanninku su faɗa wa ofishin jakadanci ainihin abin da zai kai ku, su ji irin bizar da ta dace.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar 'yar'uwar da ta goyi bayan maigidana ta fi yi min zafi, don ban taɓa wanke wa wanda ba jinina ba jiki. Zan fara zuwa dubiya kusa da ni kafin lokacin, in ga ko zuciyata za ta ɗauka. An ce watan Mayu ake son tafiya. Ya yanayin yake?

Wadda ta taɓa zuwa:
Afrilu da Mayu zafi ne mai gumi, daga Yuni kuma damina har Satumba, tituna su cika da ruwa. In za su ji shawara, su matsar da ita tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Hakan zai ba ki lokacin kammala allurar ciwon hantar ma.