Inshora sun ƙi biyana saboda takardar ba sunana ba ce

Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar inshorar mota ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Na sayi Corolla hannun wani bawan Allah a Kaduna, mun yi canjin mallaka, lasisi da komai ya dawo sunana, amma inshorar da ya haɗo min da ita babbar ce, wadda ke biyan gyaran motarka kai ma, kuma ba ta ƙare ba, shi ya sa ban yi sabuwa ba. To satin jiya wata tifa ta goge ni a shataletale, ƙofar direba ta lotsa, madubi da fitila duk sun tafi, fanel bita ya ce sai dubu ɗari shida.

Na kai wa kamfanin inshorar rahoton 'yan sanda da hotuna sai suka ce wai da tsohon mai motar suka ƙulla yarjejeniya, tunda ya sayar bai sanar da su ba shi kenan ta faɗi. Shi kuma ya daina ɗaga waya.

Haka dokar take da gaske? In na kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, za su saurare ni, ko inshorar mai tifar zan bi?