Mai bin ayarin babura a ƙarshe: me za mu kira shi da Hausa?

1/ Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya. Duk ayarin babura da zai yi doguwar tafiya, akwai mutum biyu da ba a tashi sai an tsayar da su: na gaba da na ƙarshe. Na gaba sunansa bai ba mu wahala ba, jagora ne. Na ƙarshen ne har yau muke kira "suwifa", wato sweeper na Turanci, mai shara ke nan. Ina so mu zauna mu samo masa suna na Hausa, kuma ina da wanda nake ganin ya dace.

2/ Sai an san aikin mutum kafin a raɗa masa suna. Dokarsa ta farko, ba ya wuce kowa, komai sanyin gudun wanda ke gabansa. In wani ya sauka gefen titi, shi ma ya sauka. Jagora ba ya ganin abin da ke faruwa bayan babur na biyar ko na shida, to wannan mutumin ne zai kira shi ya ce a dakata, taya ta yi faci, ko wane jiri na ɗibarsa. In fitilarsa ta bayyana a mahaɗa, an san kowa ya wuce ke nan.

3/ Ku buɗe jakarsa ku gani. Sufanu masu lamba 8, 10, 12 da 14, don su ne suka fi yawa a jikin baburan Japan da na Sin, da sufanar fulogi, ƙarafan cire taya, tub na ajiya, kayan faci, famfo, fiyus, wayar kuloci, igiyar ja, da ɗan tiyo na zuƙo mai daga tanki zuwa tanki. Sai wani ɗan abu da bai kai girman babban yatsa ba: mahaɗin sarƙa.

In sarƙa ta tsinke a tsakiyar dajin Falgore, inda mai faci ma sai an yi tafiya kafin a gan shi, wannan ɗan ƙarfen ne ke raba mutum da kwanan hanya. Na ƙarshen nan zai durƙusa a kan tsakuwa, ya ɗora bakin sarƙar biyu a kan haƙoran ƙarfen tayar baya da sarƙa ke hawa don su riƙe masa ita, ya zura mahaɗin, ya ɗora murfinsa, sannan ya danna makullin da filaya. Kuma sai rufaffen kan makullin ya kalli inda sarƙar ke gudu. In aka juya shi, wani abu na iya kama buɗaɗɗen bakin ya fizge shi, sarƙa ta sake zubewa ana cikin gudu. Mai babur yana riƙe da tocila, hannun wancan ya yi baƙi ƙirin da giris, sauran ayari kuma suna can gaba a inuwa suna shan ruwa. Mutumin da muke nema wa suna ke nan.

4/ Maganar shara a kalmar Turawa tana da tarihi. A gasar keke ta Tour de France, tun 1910 ake sa mota a bayan 'yan tsere tana kwashe waɗanda suka gaza, ana kiranta motar tsintsiya. Gasar Paris-Dakar, wadda zagayenta na farko ya ratsa Agadas da Yamai a farkon 1979, ita ma tana da babbar mota mai irin wannan suna, mai kwaso mahaya da baburan da suka mace a hamada. A tsere kalmar ta yi daidai, domin wanda aka kwasa ya fita daga gasa. Mu kuwa ba tsere muke ba. Namu mutumin gyara yake a ci gaba da tafiya tare.

5/ Don haka "mai shara" ba ta shigo ba ma. Ba wanda zai yarda a ce shi aka share a hanya.

6/ An kawo "mai tsaron baya". Tana da kyau a kunne, amma ƙwallon ƙafa ta riga ta kama ta, kowa ya ji ta sai ya tuna fili da raga. Sannan tsaro yana nuna akwai abokin gaba da ake karewa, alhali mafi yawan aikin nan ƙusa ce, da zafin inji, da gajiya.

"Ɗan baya" da "na ƙarshe" kuma suna faɗin wurin da yake ne kawai. Har suna ɗauke da wani ƙaiƙayi, don Bahaushe in ya ce an bar mutum a baya, ko ya zama kurar baya, ba yabo yake ba. Sabon mahayi zai ɗauka wanda baburinsa ya fi rauni ake turawa can, alhali wanda ya fi kowa sanin hanya da sanin inji ake zaɓa.

7/ Wasu sun koma ga fataken da. Na ji daɗin wannan, domin ba yau Bahaushe ya fara tsara ayari ba. Masu zuwa Gwanja sayen goro, daga Kano har Salaga ta ƙasar Gana ta yau, suna da madugu, suna da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin ayari. Amma madugu uban tafiya ne, shugaban ayari gaba ɗaya, mai yanke inda za a yi zango da lokacin tashi. A wurinmu wannan shi ne wanda ya shirya tafiyar. In muka ba na ƙarshe sunan madugu, ranar da aka samu saɓani a kan hanya za a rasa maganar wa za a bi. A bar wa madugu sunansa, muna buƙatarsa a inda yake.

8/ Tawa shawarar ita ce: mai rufa-baya.

Ba ni na ƙirƙiro ta ba, tana bakinmu tun da. Sarki ya fito, hakimai sun rufa masa baya. Ango zai je gaisuwa, abokai sun rufa masa baya. Ma'anarta biyu ce a dunƙule: kana bin mutum a baya, kuma kana tare da shi, ba ka bar bayansa a buɗe ba. Wuri da aiki duka sun shiga cikin kalma ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana juyawa a baki ba tare da an tilasta mata ba. "Wa zai rufa mana baya yau?" "Ni na rufa daga Daura zuwa Kwangwalam, wani ya karɓa zuwa Damagaram." "Kada a tashi, mai rufa-baya bai iso ba." Ku gwada faɗin waɗannan da "suwifa" ku ji yadda harshe ke tuntuɓe. Jam'i ma a shirye yake: masu rufa-baya, don babban ayari kan sa biyu, in ɗaya ya tsaya da wanda ya samu matsala, ɗayan ya ci gaba da bin sauran.

9/ An tambaye ni me ya hana "take baya". Mai take baya mutum ɗaya yake bi, a dugadugansa, kamar dogari. Namu kuwa ayari ne duka a wuyansa, kuma dole ya bar tazara, don in na gabansa ya faɗi ya samu wurin taka birki.

10/ Suka mafi ƙarfi daga iyayenmu a harkar ta zo, kuma ban raina ta ba. Sun ce masu rufa baya a al'ada mabiya ne, na ƙasa da wanda ake rufa wa, to yaya za a kira ƙwararren cikin ayari da sunan mabiyi? Baba, ku gafarce ni, ina ganin nan ne ma kalmar ta fi dacewa. Mutumin nan ya fi kowa iya gudu, amma ya haƙura da gudun. Shi ke shan ƙurar kowa, shi ke isa masauki bayan an ci abinci, wani lokacin yana janye da baburin wani da igiya. Hidima ce ya ɗaukar wa kansa, kuma hakimin da ya rufa wa sarki baya bai zama ƙaramin mutum ba don ya yi hakan.

11/ A rubuce ina ganin a sa ƙaramin layi idan suna ne, mai rufa-baya, a cire shi idan aiki ne, ya rufa mana baya. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka saba jin serre-file na Faransanci, ku faɗa mana ko wannan ta zauna a bakinku, ko akwai wadda kuke faɗa a can da ta fi ta.