Tambaya kan tsohon cocin Tokombere da kabarin Baba Simon

Ɗan Marwa:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin hanyar Marwa zuwa Mora da lodin albasa, amma sai makon jiya na ratsa Tokombere, inda wani abokin ciniki ya nuna mini cocin Katolika na garin, ya ce a nan aka binne wani Fada da kowa ke kira Baba Simon. Ina roƙon masu sani su faɗa mini ko wane ne shi.

Dattijon Mora:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunansa Simon Mpeke, mutumin kudu ne daga yankin Edeya, kuma yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa Fada a 1935. Ya iso arewa a 1959, shekara 13 bayan Turawan mishan da Yves Plumey ya jagoranta sun fara aiki a wannan yanki, ya kafa majami'ar Tokombere a tsakanin Mada da Muyang da Zulgo, mutanen da a lokacin ake yi wa laƙabin Kirdi, kalmar da ni dai ba na son jin ta. Abin da tsofaffi suka fi tunawa shi ne yadda yake hawa duwatsu ba takalmi, ya zauna da masu tsafin gargajiya yana sauraronsu ba tare da ya raina su ba. Ya rasu a Edeya ranar 13 ga Agusta 1975, aka dawo da gawarsa Tokombere. A 2023 Fafaroma Faransis ya amince da nagartarsa, wanda mataki ne a hanyar zama waliyyi a ɗariƙarsu.

Maman Talatu:
Baba ya yi bayani, sai dai ina so in ƙara cewa tarihin irin waɗannan majami'u yana cikin makabarta ma. A ƙauyenmu, kakan mahaifina a kan dutse aka binne shi cikin fatar akuya, amma kakata tana kwance bayan coci, ƙarƙashin gicciyen ƙarfe da tsatsa ta cinye sunan da ke jikinsa. Da muka so gyara kabarin, sai da katikis, wato malamin addini na cocin, ya buɗe littafin baftisma, wanda gara ta ci gefensa, kafin muka gano shekarar da za mu rubuta.

Ɗan Marwa:
Na gode, Baba da Mama. Idan na koma zan nemi izinin Fada in ga kabarin Baba Simon da idona.