Muhawara: wasan dara na makafi da maganar manhajar sata

Matashi mai rubuta manhaja, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba ma'aikacin wani kamfani ba ne, da dare nake rubuta manhaja bayan na rufe shago. Na haɗa wasan dara wanda makaho zai iya bugawa ba tare da ɗan jagora ba: kwamfuta tana faɗa masa ramin da yake kai, ko akwai ɗa a ciki, da kuma na wane ne, shi kuwa yana zaga ramuka 30 da madannan kibiya. Da Godot na gina shi, injin wasa da aka sakar wa kowa a 2014, na kuma bar rubutun tushensa a buɗe domin wanda ya fi ni ya gyara. Na zaga gidajen wasan kwamfuta na Aboabo da Asawase a nan Kumasi ina roƙon a sa shi ko a na'ura ɗaya ce, babu wanda ya karɓa. Muddin unguwanninmu sun dogara da manhajar sata, wadda ba mu da ikon buɗe cikinta balle mu gyara, makahonmu zai ci gaba da zama a bakin ƙofa yana sauraron ihun masu buga ƙwallo.

Mai gidan wasa, Asawase:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wa kake kira ɓarawo? Na'urorin da ke shagona da kuɗin gumina na saye su, ina biyan haya, ina biyan wuta, kuma da abin da yaran nan suke bayarwa nake ciyar da iyalina. Yawancinsu ma PlayStation ne, waɗanda ba a sa musu abin da aka ga dama. Ka zo neman alfarma, ba ka samu ba, sai ka koma zagin mutane a bainar jama'a.

Mai gyaran waya, Nima:
Daga nan Akara, ina bayan Alhaji ɗari bisa ɗari. Idan na ɗauke maka akuya, ka wayi gari babu akuya. Idan na kwafi Windows, mai ita bai rasa komai ba, tasa tana nan inda take. Har Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983 don samar da manhajar da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa, wanda kuma ku masu manhajar 'yanci kuke bi, ba ya yarda a kira mai kwafi ɗan fashi. To a ina ka samo taka kalmar?

Malami, Sawaba:
'Ya'yana, a yi hattara da harshe. Satar da shari'a ta sa wa haddi tana da sharuɗɗa, daga ciki a ɗauki dukiya a ɓoye daga inda aka tsare ta, don haka kwafi bai kai wannan matsayi ba. Amma rashin haddi ba ya nufin halacci. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne, kuma bai halatta a keta shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ita ma ta haɗa da manhajar kwamfuta.

Mai gyaran waya, Nima:
Allah ya gafarta Malam, ke nan kun tabbatar da maganata cewa ba sata ba ce.

Malami, Sawaba:
Rabin maganata ka ɗauka, ɗana, ka bar rabin da ya fi nauyi.

Matashi mai rubuta manhaja, Aboabo:
Yaya Alhaji, ban kira sunan kowa ba, kuma a bakinku na ji ana cewa a kawo “na sata” idan kwamfuta ta lalace. Ni damuwata makafi ce.

Malama mai koyar da makafi, Kumasi:
Ni makauniya ce, kuma tunda ana maganarmu ya kamata a saurare ni. Ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, amma da'awarka ba ta tsaya daidai ba. Manhajar da ke karanta mini allo kullum ita ce NVDA, wadda Michael Curran ya fara a 2006, James Teh ya haɗu da shi, dukansu makafi ne daga Ostareliya. Manhajar 'yanci ce, ba a biyan ko sisi, ita ce ta raba da yawanmu da tsadar JAWS, manhajar karanta allo ta kuɗi, amma a kan Windows take aiki. Saboda haka ba sai an kori Windows daga gidajen wasa kafin mu shiga ba. Abin da ke hana ɗalibaina wasa shi ne mai ginawa bai sa murya a jerin zaɓi ba, kuma bai bambanta sautin kuskure da na nasara ba. Ka kawo wasan naka mu gwada, ka faɗa mini ko da Hausa muryar take magana, domin tsofaffin da suka iya dara ba Turanci suke ji ba.

Mai gyaran waya, Nima:
Abin da na lura da shi, mutanen Kumasi surutu ya fi musu aiki yawa. Kamfanin Leti Arts, da ya fitar da sunan Ghana a harkar wasanni, a Akara yake, kuma ba ya yawo yana kiran kowa ɓarawo.

Mai gidan wasa, Asawase:
A nan kuma mun raba hanya. Eyram Tawia, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Leti Arts a 2009, a jami'ar KNUST ya yi karatu, a nan Kumasi. Ban da haka, faya-fayan da ake ta ce-ce-ku-ce a kansu, ba daga wajenku ake ɗoro mana su a mota ba?

Mai gyaran waya, Nima:
Alhaji, ka kawo shaida ko ka janye. Ɗazu kai ne kake kukan an ɓata maka suna.

Matashi mai rubuta manhaja, Aboabo:
Inna Malama, muryar da Turanci take magana, sai dai ina iya ɗaukar muryar mutum da Hausa in sa a madadinta, tunda kalmomin ba su da yawa. Ina neman wanda zai ba ni aron muryarsa.

Mai gidan wasa, Asawase:
Kafin a kai ga murya, a fara wanke mu tukuna.

Shugaban zaure, mai sayar da kayan kwamfuta a Adum:
To, jama'a, na bi maganar tun daga farko kuma zan rufe ta a nan. Abin da ya fito fili shi ne Malam ya nuna kwafi bai kai sata ba, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Masu gidajen wasa da masu gyara mutane ne masu neman halaliyarsu, kuma da ba don su ba da yawancin yaran Zango ba su taɓa kwamfuta ba. Ƙanenmu na Aboabo yana da basira, amma ya yi gaggawa, don haka ya janye kalmar ya ba Alhaji haƙuri kafin sallar isha'i. Zargin da aka yi wa mutanen Kumasi na yawan surutu kuwa ba shi da tushe, kuma ba za a sake yarda da irinsa ba.