An tura ɗana bautar ƙasa Inugu, ku ba ni shawara

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Takardar bautar ƙasa ta babban ɗana ta fito, Jihar Inugu aka kai shi, sansanin Awgu. Tun jiya ban runtsa ba, yaron nan ko Lafiya bai taɓa wucewa ba. Babansa ya ce a nemi canji, shi kuma ya kafe sai ya je. Don Allah wanda ya san ƙasar ya ba ni haske.

Kawu Direba: Wa'alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Na daɗe ina kai albasa da wake can. Daga Abuja ya bi Keffi, Lafiya, Makurɗi, Otukpo, ya faɗa Obollo Afor, nan ce ƙofar jihar ta arewa. Daga nan sai mararrabar 9th Mile, sai gari. Awgu tana kudu da birnin, kan titin Fatakwal. Ya yi tafiyar rana, kuma kada isarsa ta faɗo ranar Litinin. A 2021 aka fara zaman gida na dole ranar a yankin, ba kasuwa ba zirga-zirga. Cikin birni abin ya yi sauƙi, amma mota kan yi wuya a hanyoyin ƙauye.

Malamin Labarin Ƙasa: Hajiya, mu a nan komai "Kudu" muke ce masa, alhali ƙasar ba ɗaya ba ce. Jihohi biyar ne a kudu maso gabas: Inugu, Anambra, Imo, Abiya da Ebonyi, ga kuma Igbo a tsallaken Neja wajen Asaba. Inugu ce mafi kama da wajenmu. Tudu ce, sunan ma ma'anarsa kan tudu, kuma kwal da aka gano a 1909 shi ya kafa garin. Wajen Nsukka ciyawa ce da jar ƙasa, suna iyaka da Igala da Idoma, har auratayya suke yi. Sai ka gangara Imo da Abiya ka shiga kurmin kwakwar manja sosai. Ki faɗa masa kuma magajin garin Inugu na farko Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine. Ba shi ne ɗan Arewa na farko da zai taka garin ba.

Maman Yara: Ikon Allah! Malam, ban taɓa jin wannan ba. To sallah fa, da abinci? Nan ne damuwata.

Anti Nas: Yaya, ni a Ebonyi na yi tawa. Kusan duk babban gari akwai unguwar Hausawa, a wasu wuraren suna kiranta Ama Hausa, da masallaci da mahauta namu da Sarkin Hausawa. Da an rarraba su daga sansani, ya fara kai gaisuwa wajen sarkin, su san da zamansa. Akwai ma Musulmi Igbo 'yan asali a Enohia ta Afikpo da wajen Ibagwa kusa da Nsukka. Abinci kuwa ya fara da okpa, garin gurjiya ne da manja ake dafawa a ganye kamar alale, safiya ɗaya ta riƙe shi har la'asar. Akwai abacha, rogo ne yankakke. Miya dai ya riƙa tambayar naman da ke ciki, ba sa jin haushi. Ki haɗa masa kuka da daddawa da yaji, ranar da kewar gida ta taso zai gode miki. Lema da takalmin roba dole ne, ruwa daga Afrilu har Oktoba, ga gidan sauro.

Alhaji Mai Shanu: Hajiya, ni abu biyu zan ƙara, don na zauna da mutanen nan a kara shekaru. Na farko, ya cire kalmar Inyamuri daga bakinsa, ba sa son ta, ya ce Igbo. Ya koyi "kedu" da "daalu" da "biko", wato yaya kake, na gode, don Allah. Tsohuwa a kasuwa in ta ji haka daga bakin Bahaushe sai ta ƙara masa gyara. Na biyu goro. Mu muna ɓarewa mu jefa baki, su kuwa sai an nuna wa kowa, babba ya yi addu'a da harshensu, sannan a fasa. In aka miƙo faranti ya taɓa ya mayar, kada ya riga manya. Kasuwannin ƙauye kuma kwana huɗu suke zagayawa, Eke, Orie, Afo, Nkwo, ya tambayi ranar ta garin da aka kai shi.

Kawu Direba: Alhaji ya faɗi gaskiya. Ya kuma bar gardamar siyasa da zancen yaƙin basasa a tasha ko cikin mota, mutane da yawa sun rasa iyaye a ciki, ciwon bai warke ba.

Maman Yara: Allah ya saka muku da alheri, na karanta wa babansa duka, ya ce a bar shi ya je. Anti, gidan sauron a nan zan saya ko can ya fi araha? Kawu, zan kira ka daren Laraba kan maganar mota.