Don Allah ƴan uwa a ba ni shawara, zaman ƙauye ya ƙi karɓa ta

Assalamu alaikum. Ni mai agashe ne, a Omdurman ta ƙasar Sudan aka haife ni kuma nan nake sana'ata har yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, muka kwaso yara muka taho wani ɗan gari kusa da Gadarif wajen kawuna. Alhamdulillahi ya karɓe mu hannu bibbiyu, amma har yau na kasa tsayawa da ƙafata.

A can da magariba ta yi tire ya kusa ƙarewa, nan kuwa sai ranar kasuwa ake ciniki, sauran kwanaki in yanka nama in barbaɗa ƙuli da yaji in zauna ina kallon hanya, ga wuta ba ta zama balle in ajiye a firij, abin da ya kwana asara ce. Mutanen nan kuɗinsu sai lokacin girbin riɗi da dawa yake fitowa, kafin nan kowa bashi yake nema, kuma yawanci dangi ne, ta yaya zan hana? Ruwa ma a karo, wato amalanken jaki, muke saya.

Kawu ya ce in bar wuƙa in bi su gona, ni ko lauje ban iya riƙewa ba wallahi. Uwargida kuma kullum maganar komawa take, yara sun saba da Larabci ana ta musu dariya in suka yi Hausa.

Waɗanda suka taɓa irin wannan ƙaura, ya kuka yi? In riƙa shiga cikin Gadarif da agashen kullum duk da tsadar mota, ko in koyi noman?