Ciwon baya a wannan sanyin na Jos, wane mai ne ke aiki?

Tela Gangare:
Salamu alaikum jama'ar zaure, ya muka ji da sanyi. Dan Allah shawara nake nema, bayana ne ya matsa min tun da hunturun nan ya kama, can ƙasa wajen ƙugu, in na zauna kan keken ɗinki tun safe to kafin azahar miƙewa sai na dafa teburi, ga ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara ya taru ba halin kwanciya. Wannan ya ce man kanumfari, wancan ya ce na na'a-na'a, wani kuma ya ce habbatus sauda kawai zan nema. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min gaskiya, banda talla.

Direban Abuja:
Wslm oga tela. Ciwonmu ɗaya, mu da kujerar mota ku da kujerar keke. Ni dai Aboniki ce abokiyar tafiyata, in na sauke fasinja na dawo gida sai a gasa min wurin da tawul da ruwan ɗumi, a bari jiki ya huce sannan a murza, da safe garau. Amma gsky in na koma hanya ciwon ma komawa yake.

Mai Shayi Terminus:
Malam basir ne wlh, kowa ka gani da ciwon ƙugu basir ne ya yi masa yawa, ka nemi sassaƙe ka wanke ciki

Hajiya Mai Turare:
Kai mai shayi komai a wurinka basir ne, ko ƙafa mutum ya karye. Ɗana tela ga abin da nake haɗa wa mutanen gidana. Man kaɗanya mai kyau wanda ba a yi masa haɗi ba, ka narka shi a rana ko ka ɗora kwanon cikin ruwan zafi, in ya narke ka ɗiga man na'a-na'a da na kanumfari ka juya ya daskare. Da daddare a shafa a murza sosai a saka riga mai kauri. Na'a-na'ar za ka ji sanyinta na ratsa ka, kanumfarin kuma ya biyo da ɗumi. Wasu ma har ɗigawa suke a shayi su sha.

Ɗan Famasi:
Hajiya barka da dare, haɗin naku ya yi amma maganar ɗigawa a shayi dan Allah a bar ta. Man da aka tatso daga kanumfari daban yake da ƙwayar kanumfarin da ake jefawa a shayi ko kunu, wancan an tara ƙarfinsa ne wuri ɗaya, sinadarin yujinol da ke cikinsa shi ne wanda likitocin haƙori ke amfani da shi yana kashe zafi, amma in aka sha da yawa hanta yake taɓawa, ga yara kuwa abin ba kyau ko kaɗan. Ko a fata ma in ba a sirka ba yana ƙona mutum.

Awon da ake bi mai sauƙi ne: ɗigo 2 a kowane ƙaramin cokalin shayi na man kaɗanya ko na zaitun ko na kwakwa, wato wajen kashi 2 cikin 100. In kwalbar mil 30 ce to ɗigo 12 gaba ɗaya, ba 12 na wannan 12 na wancan ba. Kanumfari kuma ya fi sauran zafi, shi ya zama mafi ƙaranci a haɗin. Kafin a shafe baya duka a fara gwadawa a cikin dantse a bar shi ya kwana, in wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi sai a haƙura.

Hajiya Mai Turare:
Toh likita mun ji, ni ma ai ban ce na ba wani ya sha ba, cewa na yi wasu na yi

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan Famasi tunda ka fito bari in tambaya, wai da gaske man nan na warkarwa ne ko dai ruɗin jiki ne? Don maigidana ya shafa kala-kala, kullum gidan na warin mentilatum amma jiya i yau.

Ɗan Famasi:
Anti tsakani ne. Mentol ɗin da ke cikin na'a-na'a yana taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi, shi ya sa za ki ji kamar an ɗora ƙanƙara alhali wurin bai huce ba, to wannan saƙon sanyin sai ya danne saƙon ciwo na ɗan lokaci. Barkono kuma akasin haka, sinadarin kafsaisin yana kunna jijiyoyin jin zafi, in ana ta shafawa kullum sai su gaji su rage kai ƙara. Wani Ba'amurke David Julius da barkonon nan ya gano mashigar jin zafi a jikin mutum, har aka ba shi kyautar Nobel a 2021 shi da Ardem Patapoutian. Kenan ba tatsuniya ba ce. Sai dai abin da man ke yi shi ne ya rage zafin har mutum ya samu ya motsa ya yi barci, bai gyara zaman da ya kawo ciwon ba, kuma wani ɓangare na amfanin ma tausar ce ke kawo shi.

A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon ƙugun da ya daɗe, ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya a duniya. Abin da ta sa a gaba motsa jiki ne da tausa da wayar wa mai ciwo kai, a cikin tsirrai kuma man shafawa na barkono ya samu shiga. Bel ɗin ɗaure ƙugu da mutane ke saya kuwa cewa ta yi kar a dogara da shi.

Direban Abuja:
Ashe barkono, to ai attaruhu na nan jibge a Farin Gada, a niƙa a kwaɓa da kaɗanya shikenan

Ɗan Famasi:
Oga direba rufa wa bayanka asiri. Na kemis an auna shi, yawanci 0.025 zuwa 0.075 cikin 100 ne kawai, na gida kuwa ba ka san ƙarfinsa ba sai ka ga fata ta tashi. Ko na kemis ɗin ma kwanakin farko zai yi raɗaɗi, sai ya kai sati ɗaya ko biyu ana shafawa sau 3 ko 4 a rana kafin a ji daɗinsa. Kuma a wanke hannu da sabulu sosai kafin alwala, balle kafin shiga banɗaki, wanda ya manta shi zai ba da labari. Kar kuma a shafa sannan a ɗora ruwan zafi a kai, ko shi ko su Robb da Aboniki, gashi na farko shafawa daga baya kamar yadda ka ce kana yi.

Baba Ɗan Fansho:
Assalamu alaikum yara. Ina ta karantawa ban ji wanda ya ambaci bishiyar turare, wato yukaliptus, ba, alhali ga ta ta cika mana gari. Duk wanda ya bi ta Bukuru zuwa Barikin Ladi ya ga dogayen itatuwan nan a gefen tafkunan da haƙar kuza ta bari, ba na nan ba ne asali, daga Ostareliya aka kawo irinsu, aka dasa su don a farfaɗo da ƙasar da aka farfashe kuma a samu itacen girki da na gini. Ganyen nan shi ake turarawa da tururi a tatso man da kuke gani an rubuta a jikin kwalaben man zafi. Mu a da ganyen muke tsinkowa a tafasa a babbar tukunya a sirka a yi wanka da shi da yamma, mura ta saki jiki ya saki. Kuma ku lura, ganye buhu guda ɗan mai kaɗan yake bayarwa, saboda haka in kun ga ƙatuwar kwalba a araha an ce zalla ce to da walakin.

Hajiya Mai Turare:
Baba kun faɗi gaskiya, kasuwar ta cika da haɗi, wani turaren kanti ne kawai ake zubawa cikin man gyaɗa. Gwajin da nake yi, ki ɗiga a farar takarda ki ajiye, na'a-na'a ko turare na ainihi zai bi iska ya tafi, in kin dawo kin tarar da tabon maiƙo kamar na ƙosai to an sirka. Kuma na kirki a kwalba mai duhu yake zuwa, rana na kashe shi.

Malamin Islamiyya:
Habbatus sauda dai kar a manta da ita, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim cewa waraka ce ga kowace cuta banda mutuwa. Ni man nata nake haɗawa da zaitun in shafa, kuma ina jin sauƙi alhamdulillah. Sai dai masu tallan nan da lasifika a bayan mota sun ɓata abin, kowane ruwa a jarka sai a jingina shi da sunna. Neman likita ma ai umarni ne, ba saɓani.

Sista Nas:
Sannunku, yanzu na sauka daga aiki. Ni ba ni da matsala da shafe-shafe, ni ma ina shafawa bayan na wuni ina ɗaga marasa lafiya. Abin da ke damuna shi ne wanda zai yi wata da watanni yana shafa mai alhali abin da ke bayansa ba na mai ba ne. In ciwon na sauka ƙafa har ƙafar na mutuwa ko tana ja, ko mutum ya ji tsakanin cinyoyinsa ya yi dindiris, ko fitsari ko bayan gida na kuɓuce masa ko fitsarin ya ƙi fita, wannan ba a kwana da shi, asibiti a ranar. In da zazzaɓi da zufan dare da rama to a duba tibi, wato tarin fuka, don tana kama ƙashin baya ba huhu kaɗai ba, kuma gwajinta da maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwo a gefe ɗaya sama da ƙugu da zafin fitsari a duba ƙoda. Mai sikila, mai ciki, tsohon da ya faɗi, duk waɗannan a fara ganin likita. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, na da sashen gashin ƙashi a Lamingo, su ne za su koya maka irin motsin da ya dace da kai.

Sai kuma iyaye mata dan Allah, man zafin nan a ɗaga shi sama. Yawancinsu akwai kafur da metil salisilet a ciki, shi wannan ɗan'uwan asfirin ne, ƙaramin cokali ɗaya na zallarsa ya kai ƙwayar asfirin ta manya wajen 20, kafur kuma na sa yaro jijjiga in ya haɗiya. Kar a shafa wa jariri a hanci ko a ƙirji don mura.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi, surukata kuwa haka take wa jikokinta duk sanyi. Yau zan yi mata magana, ko dai in tura ɗanta ya yi

Tela Gangare:
Nagode ƙwarai jama'a Allah ya saka. Sista ni ba ya sauka ƙafa kuma ba zazzaɓi, in na tashi na ɗan taka ma sai ya lafa.

Sista Nas:
To alama ta zaman ce yaya. Duk rabin awa ka miƙe ko da zare za ka ɗauko, ka sa ɗan matashi a bayan ƙugu, ka duba tsayin kujerar kar ka riƙa duƙawa kan keken, kuma ka daina kwanciya wuni guda don ciwo, kwanciyar ƙara sandarar da shi take. In ya wuce sati 6 bai sauya ba ka je a duba ka.

Mai Shayi Terminus:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, amma ku zo ku sha shayin citta da kurkur, shi ma ai magani ne

Ɗan Famasi:
Wannan kam na yarda da kai mai shayi, citta da kurkur a abinci ko a shayi ba laifi, ka ɗan barbaɗa masoro don kurkur shi kaɗai hanji ba ya tsotsarsa sosai. Inda nake jan kunne shi ne kafso-kafson kurkur masu ƙarfi da ake sayarwa a intanet, an samu waɗanda suka taɓa wa hanta. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ya tambayi likitansa kafin ya dage wa citta ko kurkur ko man zafi mai salisilet. Sannan lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya, an duba ne cewa ba ya cutarwa, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka jera a kwalin. Ruwan jarkan da za ka sha ciwo ya ɗauke cikin minti goma kuwa ka yi zargin an narka diklofenak ko siteroid a ciki, su ne ke huda ciki su kumbura fuska.

Maman 'Yan Biyu:
Citta ma yanzu ta zama ta masu kuɗi

Direban Abuja:
Tun cutar da ta cinye gonakin Kudancin Kaduna a 2023 ne anti, Kachia da Jaba da Kagarko duk ta shafa, manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba. Amma in na biyo ta Kwoi da Kafanchan nakan samu busasshiya da ɗan sauƙi a kan ta nan. Mai so ya yi min magana ta gefe kafin Alhamis.

Admin:
Direba, Hajiya, ciniki a koma ta gefe dan Allah kun san doka.

Hajiya Mai Turare:
Ni me na sayar kuma admin? Direba ka sa min mudu biyu, ka duba wadda ba ta yi fumfuna ba.